Gangaren da Waya Ke Yankewa

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, kuma Inna, mahaifiyata, ba ta taɓa kiran sunana ba. In tana son in miƙo mata abu sai ta ce "ke". In tana ba wani labarina sai ta ce "yarinyar nan", ko da kuwa a lokacin yarinyar nan ta tara 'ya'yanta, har furfura ta fara leƙo mata a gefen kunne. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata ta wajen uba, a cikin gidanmu na Tsohon Birnin Gwari. Tsakar gida ɗaya muke da Inna, amma ban san ɗumin cinyarta ba. Ga shi tana da jinin Fulani ta wajen uwa, don haka kunyar ɗan fari a wurinta ninki biyu ce.

Kada wani ya zo ya yi mini bayanin al'ada, na san ta. Malamar kimiyya ce ni a makarantar sakandaren 'yan mata a Birnin Gwari, bayani shi ne sana'ata. Na san kunya ce, na san haka ita ma uwarta ta yi wa yayanta. Amma abin da kai ya sani daban, abin da zuciya ke so daban. Ina gani tana kiran ƙannena ɗaya bayan ɗaya, tana yi musu kitso, tana tsokanar su, tana rankwashin su in sun yi laifi. Ni ko rankwashin ban samu ba. Ranar da na yi haihuwar fari ta zo barka, ta zauna a bakin ƙofa tana tambayar ungozoma lafiyar jaririya, ni kuwa da na sha wuyar ko kallo ban ishe ta ba. Abin ya ci mini rai ƙwarai. Shi ya sa tawa 'yar farin nake ƙwala mata kira da sunanta safe da yamma, har maƙwabta suna cewa malama ba ta da ta ido. Abu ɗaya nake so a duniya wanda albashi ba ya saye: in ji sunana a bakin Inna, in tabbatar ina cikin ranta kamar sauran.

Da na samu gurbin ƙaro karatu a Kaduna, hanya ta riga ta lalace. Ba ramuka nake nufi ba, su mun saba da su. Ɓarayin daji ne suka sa tafiyar da ake yi da hira da cin gyaɗa ta koma tafiyar da ake yin sallama da iyali kamar ba za a dawo ba. Motoci sukan taru da safe a bakin gari, manya da ƙanana, da masu buhunan masara da masu fasinja, a jira sojoji, sannan a tashi ayari guda. A nan ne mutanenmu suka ƙirƙiro wata sabuwar rakiya. Da can mutum yakan raka nasa tasha ya juyo. Yanzu sai ya kira shi a waya, ya ƙi kashewa, ya bi shi da kunne har ya fita daji. Ka duba cikin mota, kowa da waya a kunne, ba wata magana ake yi ba, sai dai "mun wuce kaza", "to", "mun wuce kaza", "to".

Maigidana yana wurin aiki a irin wannan lokaci, don haka ban sa ran kowa zai raka ni ba. Sai ga kiran autarmu, ƙanwata da ke zaune tare da Inna.

"Yaya, Inna ta ce in tambaya ko motocin sun tashi."

Motocin, ka ji. Ba ni ba.

Auta ta buɗe muryar wayar, ta ajiye ta a kan tabarma kusa da Inna, ta tafi harkar girkinta. Haka muka fara, kuma haka muka ɗore. Ni in sa abin ji a kunne, ita tana can tana ɓarar gyaɗa. Ina jin ƙas-ƙas ɗin ɓawo, ina jin kaji, ina jin tabarya daga gidan maƙwabta. In na faɗi sunan garin da muka wuce ta ce "to". In za ta yi addu'a sai ta ce, "Allah ya kiyaye matafiya." Ni da direba da ɗan kamasho da buhunan masara, duk kuɗinmu ɗaya a wurinta. Wani lokaci har in ji kamar in kashe wayar don haushi, amma ban taɓa kashewa ba.

Akwai wani dogon gangare a tsakiyar dajin, inda hanya ke nutsawa tsakanin duwatsu da manyan itatuwa, ciyawa ta fi mutum tsawo a damina. Nan ne wurin da kowa ke tsoro, kuma nan ne wayar kowa ke mutuwa. Murya ta fara kakkaryewa, ta koma kamar ana magana a cikin randa, sai ɗif. Ranar farko da hakan ta faru, sai da muka hau tudun garin gaba na yi ta kira kafin ta shiga. Auta ce ta ɗauka.

"Ina Inna?"

"Tana yankewa ta tashi ta fita ƙofar gida, wai akuyarta take nema."

Na ce madalla, ashe akuyar ma ta fi ni.

Ni ba na son abin da ban gane kansa ba. Ina da abokiyar aiki, malamar Turanci, mutuniyar kudancin Kaduna, mijinta kuwa aikinsa kula da ƙarafunan sabis ne, waɗannan dogayen ƙarafa da ke ɗauke da maganar waya. Wata Lahadi bayan sun dawo daga coci na same su a gida, na zauna, na ce masa ba zan tashi ba sai ya gaya mini dalilin da ya sa waya ke bin mutum tun daga Birnin Gwari lafiya lau, amma ta yar da shi daidai inda ya fi buƙatarta.

Ya yi dariya ya ce, "Malama, ke da kike bin ayari ai kin riga kin ga amsar. Sojojin da ke tashi da ku daga nan, su ne ke kai ku Kaduna?"

Na ce a'a. Sukan kai mu iyakarsu, a tarar da wasu suna jira, waɗancan su karɓe mu, waɗannan su juyo.

"To haka ƙarfe yake yi. Ba ƙarfe ɗaya ke riƙe da ke ba. Kowanne da iyakar inda muryarsa ke kaiwa."

Ya ce wayar da ke hannuna ba ta hutawa ko kaɗan. Ina magana, ita kuma tana sauraron ƙarfen da ke riƙe da ita, tana kuma sauraron na kusa da shi, tana ta aika rahoto: wannan ya fara nisa, wancan ya fara matsowa. Na tambaye shi ko da zarar na gaba ya ɗan fi ƙarfi sai a tura ni can. Ya girgiza kai. Ya ce in da haka ake yi, da a kowace kwana da kowane tudu an yi ta jifa da ni tsakanin ƙarfe biyu har maganar ta lalace. Sai na gaban ya fi ƙarfi sosai, kuma ya ɗan jima a haka. Sannan a tambaye shi ko yana da wuri. In ya ce akwai, ya keɓe mini gurbi, sai a ce wa wayar ta koma can. Duk wannan kafin ƙiftawar ido, mai magana bai ma san an yi ba.

"To gangaren fa?"

Fuskarsa ta canza. Ya ce akwai ƙarfe a wurin, a kan wani dutse, shi da kansa ya sha hawansa. Amma an kwashe baturansa, an zuƙe man injinsa, mai gadin ya gudu da ransa, kuma ba ma'aikacin da zai yarda ya je. Ƙarfen na nan tsaye, amma gawa ne. Don haka na baya yakan riƙe mutum iya ƙarfinsa, yana neman wanda zai miƙa wa, babu kowa. Muryar ta karye, ya ɗan jira ko za ta dawo, in ba ta dawo ba ya saki. Ya ƙara da cewa wahalar da nake sha wajen sake kira a tudun gaba ma ba laifin wayata ba ne. Ayari guda ne ke isa a lokaci ɗaya, kowa yana danna kira, ƙaramin ƙarfen garin ya cika maƙil, sai an yi layi.

Na tashi daga gidan nan raina wasai. Ko ba komai na san abin da ke faruwa, kuma na san ba aljanu ba ne, kamar yadda wata fasinja ta taɓa rantse mana. Da na je gida ƙarshen mako, na zauna daga ɗan nesa da Inna kamar yadda na saba, na yi mata bayani dalla-dalla, har da zane a ƙasa da tsinke. Na ce daga yau in mun kusa wurin zan gaya mata, in ta ji shiru kada ta ɗauka wani abu ne ya faru.

Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Wa ya ce miki na ɗauka wani abu ne?"

Auta ta ƙunshe dariya. Ni kuwa na share zanena da ƙafa na tashi.

Duk da haka tsarin ya zauna. In muka hango bakin gangaren sai in ce, "Inna, mun kawo wurin, za ta yanke." Ta ce "to". Auta ta ɗiga mata jan farce a kan maɓallin ɗauka, saboda idonta ya yi rauni, ba ta ganin rubutun waya. In na sake kira daga tudu ta lalubo ɗigon ta danna.

Ya kamata in faɗi yadda cikin mota yake a wannan gangare, don abin da ya biyo baya ya rataya a kansa. Direba yakan kashe rediyo, a ɗaga gilasai, ya taka mota iya ƙarfinta. Ba mai tari, ba mai motsi. Mai goyo ta sa wa ɗanta nono a baki tun kafin ya yi tunanin kuka. Musulmi da Kirista kowa leɓensa na motsi da addu'a, ba ka jin komai sai gurnanin taya. Ko bayan da abubuwa suka ɗan lafa, kasuwanni suka fara ci, manoman Kakangi da na wajen Gwaska suka fara leƙa gonakinsu na nesa, wannan shirun bai bar mu ba. Jiki ya riga ya saba.

Wata safiya a ƙarshen damina muka taso. A gefena akwai wata dattijuwa da kwandon kaji a kan cinya. Muka kawo bakin gangaren, na faɗi abin da na saba faɗa, Inna ta ce "to", direba ya kashe rediyo. Na zauna ina jiran muryar kajin gidanmu ta fara kakkaryewa.

Ba ta karye ba. Muka nutsa cikin gangaren, ina jin tabaryar maƙwabta tar, kamar ina tsakar gidan. Na ɗaga ido ta tsakanin itatuwa na hango ƙarfen nan a kan dutsensa, an shafe shi da sabon fenti, faifan hasken rana na ƙyalli a gindinsa. Sai a lokacin na tuna abokiyar aikina ta ce maigidanta ya kwana biyu a daji wurin aiki. An ta da gawar. Ƙarfen baya ya nemi wanda zai miƙa ni gare shi, wannan karon ya samu, ni ko ɗis ban ji ba.

Na buɗe baki zan ce mata ai ba ta yanke ba, sai na ji ƙas-ƙas ɗin gyaɗa ya tsaya. Na ji an ajiye ƙwarya a ƙasa. Shirun motarmu ya isa kunnenta daidai da shirun da ta saba ji in waya ta mutu, kuma ni da bakina na ce mata za ta yanke.

Ta yi gyaran murya. Muryar da ta fito ba wadda na sani ba ce.

"Ya Allah, ga ta nan ta shiga. Ni ba ni da ido a wurin, kai ke da shi."

Sai ta faɗi sunana. Sunan yanka, cikakke, wanda liman ya raɗa mini, ba laƙabin da kakata ta sa mini ba. Ta faɗe shi a hankali, ta sake faɗa.

"Ita na fara ɗauka a cikina. Ka san ba ta karyawa in za ta yi tafiya, da yunwa take zaune a motar nan. Ga ta da zuciya, ba ta iya yin shiru ba tun tana ƙarama. Ya Allah, in an tare su ka kama mata bakinta, kada ta yi wa kowa gardama. Ka dawo mini da ita. In akwai abin da zai same ta, ka juyo da shi kaina, ni na ci zamanina."

Na tura gefen mayafina a baki na cije. Hawaye ya ɓalle mini, ina tsoron ko numfashina ya fita ta ji. Ban taɓa gaya wa kowa cewa ba na iya karyawa ranar tafiya ba. Ashe tana kallo. Duk shekarun nan da nake cewa ba ta kallona, ashe ba abin da ya wuce ta. Dattijuwa mai kaji ta ga halin da nake ciki ta ɗauka tsoro ne, ta kamo hannuna ta matse, ta raɗa mini, "Yi haƙuri baiwar Allah, mun kusa fita." Na gyaɗa mata kai. Daɗi ne ya kusa kashe ni, ba tsoro ba.

Kafin mu hau tudu na riga na yanke shawara, kuma har gobe ina ganin daidai na yi. Na san Inna. In ta gane na ji ta, kunya za ta hana ta sake zama kusa da waya har abada, ƙila ma ta daina haɗa hanya da ni a tsakar gida. Don haka da ta shafa addu'arta, ni da kaina na danna na kashe. Na share fuska, na jira muka kai inda na saba kira, na kira.

"Inna, mun fito."

"To. Allah ya kiyaye matafiya."

Ƙas-ƙas ɗin gyaɗa ya ci gaba.

Da na dawo na sayi zakara ƙato na kai gidan abokiyar aikina. Mijinta ya tare ni da fara'a.

"Malama, kin ga aikinmu? Ba ta yanke ba ko?"

"Ba ta yanke ba, Oga. Allah ya yi maka albarka, ya raya maka zuri'a."

Ya tsaya yana kallon zakaran yana kallona. Ya ce tun da yake wannan aiki zagi kawai yake sha in sabis ya ɗauke, bai taɓa ganin wanda ya kawo tukuici don ya dawo ba. Na ce ya dai karɓa.

Haka na ci gaba. Kowace tafiya in ce za ta yanke, ta ce to, ta ajiye ƙwarya, ni kuma in toshe bakina in saurara. Na ji abubuwa da yawa a gangaren nan. Na ji ashe ranar da aka kai ni ɗakin kaka ba ta iya cin tuwo ba. Na ji tana roƙa mini sauƙin jarrabawa, tana roƙon Allah ya sa maigidana ya ci gaba da haƙuri da bakina. Ni da nake ƙirga ranakun gama karatu don in huta da hanyar, sai ga ni ina ɗokin ranar tafiya kamar yarinya da kayan salla.

Ranar wata babbar salla muna gida, ni da Auta muna wanke kayan ciki a bayan madafa, Inna na can ƙarƙashin rumfa tana kasa nama. Auta ta kalle ni ta gefen ido.

"Yaya, wai ke me ya sa kike kashe waya a hanya, ki sake kira?"

Na ce wace irin magana ce wannan, ai sabis ne ke ɗaukewa.

"Haba Yaya, ni za ki yi wa? Rannan na shigo ɗaukar gishiri na tarar Inna na ta addu'a, na duba wayar na ga tana nan a kunne, lokaci na ta tafiya. Da kika kashe na ce mata, Inna, ai ba ta yanke ba, duk abin da kike faɗa tana jin ki."

Hanjin da ke hannuna ya suɓuce cikin ruwa. "Me ta ce?"

"Cewa ta yi wa ya aike ni, in je in duba tukunyata."

"Yaushe aka yi haka?"

"Ai an daɗe. Tun ana cire gyaɗa."

Tun ana cire gyaɗa. Wato tun farko-farkon abin ke nan. Labarin tuwon da ta kasa ci, da maganar jarrabawa, da ta maigidana, duk bayan nan ta faɗe su, tana sane da wanda ke saurare. Na ɗaga kai na dubi rumfar. Inna ta ɗago, idonmu ya kusa haɗuwa, ta kawar da nata.

"Ke," ta ce, "miƙo mini faifan nan."

Na tashi na miƙa mata da hannu biyu, na koma wurin wankina.

Bayan salla na sake kama hanya. Yanzu motoci na tafiya ba sai an jira ayari ba, direbanmu ma bai kashe rediyo ba sai da na roƙe shi. Da muka hango bakin gangaren, ƙarfen na tsaye a kan dutsensa, wayata cike da sabis, na ce, "Inna, mun kawo wurin, za ta yanke."

"To," ta ce.

Na ji ta ajiye ƙwarya. Ta yi gyaran murya, ta faɗi sunana. Wannan karon ban toshe bakina ba. Na ce "na'am", a hankali, can ƙasa-ƙasa.

Ta sake yin gyaran murya. Sannan ta ci gaba da addu'arta daga inda ta tsaya.